Ganyen Man Shanu a Gindin Randa

Shekarar da autarmu ta tafi makarantar koyon aikin jinya, gidanmu na unguwar Trikania a Kaduna ya yi mini girma. Ɗaki biyu ne da falo da 'yar baranda mai kallon gabas, amma da yara suka watse sai na riƙa jin kamar ina zagaya coci ranar Litinin. Ni tela ce, a gida nake ɗinki, kekena yana bakin taga. Maigidana kuwa, tun da masaƙar da ya yi wa aiki a Kakuri ta rufe, ya koma gyaran janareto a wani shago a Makera, ba ya dawowa sai rana ta yi sanyi. Daga ni sai rediyo sai ƙarar keken ɗinki.

Ana cikin haka aka gayyace mu bikin wata 'yar'uwa a Jos. Na sauka a gidan goggona, ƙanwar babana, wadda ta yi ritaya daga aikin asibiti ta mayar da bayan gidanta lambun furanni. Washegarin biki da safe ta ja ni zagayen lambun, tana nuna mini wannan tana nuna mini wancan, ni kuwa ina ta cewa "ya yi kyau" don ladabi, hankalina na kan motar komawa. Sai muka iso wani katako a inuwar bango, an jera ƙananan tukwane a kai. A cikin kowace akwai wata 'yar shuka kwance a kan yashi, ganyayenta sun yi da'ira kamar an buɗe tafin hannu, kore mai haske, bakinsu da ɗan ja-ja.

Na ce, "Goggo, wannan latas ɗin ai bai isa loma ɗaya ba."

Ta yi dariya har da riƙe ƙugu. Ta ce, "'Yata, taɓa shi tukuna."

Na ɗora ɗan yatsa. Ganyen yana da maiƙo da danƙo, kamar an shafe shi da man shanu, da na ɗaga yatsan sai wani siririn yauƙi ya biyo shi. Goggo ta ce saboda wannan maiƙon ne ma Turawa suka sa mata sunan da ke nufin ganyen man shanu. Ta samo ta ne a wajen masu sayar da furannin biki, su kuma daga ƙasar waje aka kawo musu.

"Yanzu sunkuya ki duba da kyau," in ji ta.

Na sunkuya. Abin da na ɗauka ɗigon datti ne a kan ganyen ashe ƙananan ƙudaje ne, irin waɗanda ke taruwa a kan ayaba in ta nuna da yawa. Wasu sun bushe, wani kuma yana nan da ransa yana ta kaɗa fiffike, ƙafafunsa sun maƙale.

"Tarko ne," in ji Goggo. "Cin su take yi."

"Wa ke cin wa?"

"Shukar. Ƙasar da take fitowa ba abinci a cikinta, sai Allah ya ba ta wannan dabara."

Ban san lokacin da na tsuguna ba, da zanen bikin da komai. Na girma a ƙauye, na yi noman gyaɗa da citta tun ina ƙarama, abin da na sani shi ne ƙwaro ke cin ganye. Yau ga ganye yana ramawa! Motar safe ta wuce ni ina tsugune a gaban katakon nan. Da zan tafi da rana Goggo ta ciro guda ɗaya, ta dasa mini a gwangwanin madara da ta huhhuda gindinsa, ta yi mini gargaɗi kamar mai sallamar amarya: kada taki ya kusance ta, kada in ba ta ruwan rijiya ko na famfo sai na sama, kada ranar tsaka ta dake ta. A cinyata gwangwanin ya zauna har Kaduna. Duk ramin da mota ta faɗa sai in ɗaga shi sama, har matar da ke gefena ta tambaye ni ko magani ne na karɓo.

Maigida ya leƙa gwangwanin, ya leƙa jakata, ya ce, "Maman yara, wannan ce tsarabar Jos ɗin? Ba dankali, ba kabeji?"

Na ce, "Wannan ƙuda take ci."

Ya ce, "To madalla. In ta girma ta fara cin ɓera sai ki gaya mini."

Na ajiye ta a baranda, inda ranar safe ke shigowa ta fita kafin zafi. Lokacin mangwaro ne, don haka na yanki ɓawo na ajiye kusa da gwangwanin. Kafin rana ta take, ƙananan ƙudaje sun cika wurin. Na ɗauko tabaran da nake zura zare da shi, na jawo kujera 'yar tsugunno. Da tabarau na ga abin da ido bai nuna mini ba: duk fuskar ganyen gashi ne ƙanana, kowane gashi da ɗigon ruwa a kansa, suna ƙyalli kamar raɓar asuba. Wani ƙuda ya sauka yana zaton abin sha ya samu. Ya ɗaga ƙafa ɗaya, ɗayar ta kama. Ya yi yunƙurin tashi, fiffike ya manne. Ni kaɗai a gida na buga tafi na ce, "Ta kama!" Washegari wurin da ƙudan yake ya yi ɗan gurbi mai laima, bayan 'yan kwanaki kuma ba abin da ya rage sai busasshen ƙoƙonsa. Wata mata da ta zo karɓar rigarta ta iske ni a haka, rigar ba a ma sa mata hannu ba. Na ba ta haƙuri, na ba ta tabaran. Ita ma ba ta tashi da wuri ba.

Damina ta yi mana daɗi. Nakan bar ruwan farko ya wanke kwanon rufi, sannan in tara na baya a bokiti in cika jarkoki in jera a bayan ƙofa. Shukar ta faɗaɗa ta cika bakin gwangwani, na mayar da ita wata 'yar tukunyar ƙasa. Da na ciro ta na yi mamakin saiwarta, 'yan zarurruka ne farare gajeru, ko riƙe ƙasa ba su yi sosai. Na haɗa mata yashin kogi da na wanke har ruwan ya fito fes, da fasasshen tulu da na daddaka, da ɓawon ƙwai kaɗan, kamar yadda Goggo ta koya mini ta waya. Ganyayen suka ƙara ja a baki. Kullum da safe kafin in ɗora ruwan shayi sai na fita na duba abin da ta kama.

Da ruwa ya ɗauke aka shiga sanyin Kirsimeti, sai ta canja. Manyan ganyayen suka bushe ɗaya bayan ɗaya, tsakiyar ta dunƙule ta zama ƙananan ganyaye masu kauri, a matse kamar 'ya'yan tafarnuwa, ba maiƙo ba danƙo. Ƙuda ya sauka ya yi yawonsa ya tashi lafiya. Hankalina ya tashi, na kira Goggo.

"Goggo, ta mutu. Ta daina ci."

"Taɓa tsakiyar. Da tauri ko ta yi laushi?"

"Da tauri."

"To barci take yi. Haka suke in rani ya shigo. Rage mata ruwa, ki bar ta ta huta. Ke ma ai kina hutawa."

Na rage ruwa, na sauko da tukunyar daga kan dakali na ajiye kusa da randarmu. Randar tana kusurwar baranda a kan tulin yashi, yashin kullum da ɗan danshi saboda zufar da take yi. A can ne abin da ban taɓa tsammani ba ya faru.

Maƙwabciyarmu ta jikin katanga mutuniyar Binuwai ce, tana sayar da lemo da mangwaro da abarba a kasuwar Sabon Tasha, kowa a layin Mama yake ce mata. Tana da wata jar kaza mai ƙiriniya da ba ta san iyakar gida ba. Wata Lahadi muka dawo daga sujada muka tarar da kazar nan a barandata, tukunyar a kife, ta yi tonon duniya. Shukata ta tarwatse, ƙananan ganyayen sun watsu ko'ina kamar an zubar da wake. Na yi ihu na jefe ta da takalmin coci. Maigida ya tsince tsakiyar shukar, ɗan abin da ya rage, ya miƙo mini. Na sake dasa shi. Na share barandar, amma ganyayen da suka faɗa bayan randa ban ma gan su ba.

Da yamma Mama ta shigo da lemo cike da leda, tana ba da haƙuri. Da na yi mata bayanin irin shukar da kazarta ta ɓarnata, sai ta ja da baya.

"Madam, ganye mai cin nama? A'a. Ni dai ban taɓa jin wannan a cikin halittar Allah ba. Ki tabbata ba wani abu aka haɗa ki da shi ba."

Na ce, "Mama, ƙadangare ma ƙuda yake ci, ba ki ce masa komai ba."

Ta ce, "Ƙadangare yana da baki."

Bayan 'yan makonni na jawo randar zan wanke ta. A kan yashin mai danshi na ga ganyayen nan a kwance, sun ɗan yamutse, amma a gindin kowane, daidai inda ya ɓalle daga uwar, akwai wani ɗan tsiro kore kamar kan allura. Na ɗauko tabarau. Tsiron ba ciyawa ba ne. Shukar ce sak, da da'irar ganyenta da komai, sai dai ƙwayar gero ta fi ta girma. Wani ganyen ma 'ya'ya biyu ya fitar, wani uku.

Ihun da na yi ya sa Mama ta zagayo a guje da taɓarya a hannu, ta ɗauka maciji ne.

"Ina yake? Ina yake?"

"Mama, kazarki ta yi mini unguwar zoma! Zo ki gani!"

Ta sunkuya, ta daɗe tana kallo, ta miƙe ta ce, "To ai sai ki dawo mini da lemona."

Daga ranar na zama wata iri. Na kira Goggo, ta ce haka ake yaɗa su dama, ta manta ne ba ta gaya mini ba: a lokacin barcin ake zare ƙananan ganyayen a hankali, a tabbata farin gindin ya biyo, a kwantar da su a kan yashi mai ɗan laima, kada a binne. Na samo faffaɗan kasko na shimfiɗa yashi. Da tsinken sakace na riƙa ɗaga jariran ina dasawa, ina riƙe numfashi kamar mai zura zare a allurar da ta fi kowace ƙanƙanta. Duk wani gwangwani da robar man shafawa da ke gidan sai da na huda gindinsa. Maigida ya nemi kofin da yake aski da shi ya tarar da shuka a ciki.

Sai zafi ya shigo, irin zafin Kaduna na gab da Ista, wanda ko fanka iskar wuta take hurawa. Nan na gane Kaduna ba Jos ba ce. Jariran suka fara narkewa. Da safe ka ga shuka lafiya, da yamma tsakiyarta ta yi ruwan ƙasa, ka taɓa ta rabu kamar dafaffen alayyafo. Na rasa da yawa. Ga shi ruwan saman da na tara ya zo ƙarshe, saura ɗan kaɗan a gindin jarka. Na rasa abin yi sai na tuna yadda kakata take ajiye tumatir: ƙaramar tukunya a cikin babba, jiƙaƙƙen yashi a tsakani. Na sayo manyan kasake a wajen masu tukwane, na cika su da yashi, na nutsa ƙananan tukwanen a ciki, ina jiƙa yashin waje da ruwan rijiya safe da rana. Na rataya tsohon buhu a bakin baranda ina yayyafa masa ruwa. In ka sa hannu a cikin kaskon sai ka ji sanyi kamar gindin randa. Mutuwar ta tsaya.

Matsalar ruwan sha kuwa, maigida ne ya warware ta. Wata yamma ya dawo da jarka a bayan babur, ya sauke a gabana.

Na ce, "Mene ne wannan?"

Ya ce, "Ruwan batir ne. Tataccen, ba mai asid ɗin ba, kada ki zaro mini ido. Ba gishiri ba komai a cikinsa, daidai yake da ruwan sama. Ki ba 'yan latas ɗinki."

Na tsaya ina kallonsa. Ya kawar da kai ya ce wai shi sauro ne ya ga sun ragu a baranda, shi ya sa. Ni na san ba haka ba ne, don sauro sai jefi-jefi suke kamawa. Na sha ganinsa da safe yana goge haƙora a tsaye a kan kasake, yana leƙawa.

Ruwan farko na faɗuwa suka farka gaba ɗaya. Faffaɗan ganyaye masu maiƙo suka dawo, ƙudaje suka koma shiga uku. Uwar kuma, wadda ta tsira daga kaza, ta fitar da wani siririn kara daga tsakiyarta, kansa a lanƙwashe kamar sandar tsoho. Kullum yana ƙara tsawo. Wata safiya na fito na iske ya buɗe: fure guda ɗaya, ruwan hoda mai duhu da ya kusa shunayya, leɓɓansa biyar, biyu a sama uku a ƙasa, maƙogwaronsa fari, ga wata doguwar wutsiya siririya a bayansa. Ɗan ganyen da ke kwance a ƙasa yana cin ƙuda, shi ne ya ɗaga wannan kyakkyawan abu sama, nesa da tarkonsa, don kada ya kama baƙin da ke zuwa masa ziyara. Na ɗauki hoto na tura wa yarana duka. Autar ta amsa da cewa, "Mama, ko mu ba ki taɓa ɗaukarmu hoto haka ba."

A wannan daminar Goggo ta aiko mini da wata shukar ta hannun direban motar haya. Na je tasha na karɓo kwali an huhhuda shi. Ta ce iri ɗaya ce da tawa, kawai dai ta fi ƙoshi. Amma tun da na buɗe kwalin zuciyata ta ce a'a. Mai ɗinki ta san bambancin yadi ko da launinsu ɗaya. Ganyen wannan ya fi tsawo, ya fi kauri, kore ne mai ɗan rawaya, ba ja a bakinsa ko kaɗan, kuma yana ɗan ɗagowa sama maimakon ya kwanta. Cikin 'yan watanni ta kai faɗin faranti.

Na ce wa Goggo ba iri ɗaya ba ne. Ta ce zafin Kaduna ne ya buɗa ta. Na ɗauki hoto na sa a wata manhaja ta waya da ake cewa tana gane tsirrai, ta ce mini kabeji ne. Na sake ɗauka ta wani gefen, ta ce latas. Maigida ya yi dariya har da tari.

Amsar ta zo ne ranar da nake share busassun ganye a gindinta. Na sa yatsa ƙarƙashin wani ganye don in ɗaga, sai na ji ya manne. Na juya shi. Bayan ganyen ma maiƙo ne, har da ƙudaje biyu a maƙale. Na ruga wajen ta farkon na juya nata: sumul, a bushe. Na bi 'ya'yanta ɗaya bayan ɗaya ina juyawa, duk a bushe. Wannan baƙuwar kaɗai ke da tarko ciki da waje!

Ɗana na fari ya sa ni a wani zaure na waya inda masu renon irin waɗannan tsirrai daga ƙasashe daban-daban suke hira. Na daɗe ina karatu ban ce uffan ba, ina jin kunyar Turancina. Ranar dai na daure na sa hoton bayan ganyen, na rubuta cewa daga Kaduna nake. Kafin in gama dafa tuwo amsoshi sun cika waya. Wani ya ce bai taɓa jin mai renon su a Najeriya ba. Wata ta tambayi yadda nake yi da zafi, na sa hoton kasake da buhu, sai ga mutane suna ta tambayar yadda ake haɗawa. Sannan wani dattijo daga Meziko, ƙasar da asalin shukar take, ya rubuto da harshensu, waya ta fassara mini. Ya ce maiƙo a bayan ganye babbar alama ce, amma kada in yanke hukunci sai fure ya fito, don ganye yana ruɗi, fure ne ba ya ƙarya. Ya ce in duba launinsa da tsawon wutsiyarsa. Ya haɗo da hoton inda suke fitowa a ƙasarsu: jikin wani tsayayyen dutse, ba ƙasa ba komai, sun manne kamar an liƙa su. Na tuna duwatsun garinmu da muke hawa muna yara, na ce ashe 'yan dutse ne irina.

Na yi ta jira. Da furen ya fito, ya sha bamban da na farko: fari-fari ne mai ɗan shuɗi a gefe, leɓɓansa zagaye kuma kusan girmansu ɗaya, wutsiyar gajeriya mai kauri. Na sa hoto. Dattijon ya ce shi ke nan, ita ce wadda ake kira gigantea, wato ƙatuwa, ta farkon kuma moranensis ce ko jininta. Na yi ta maimaita sunayen a bakina ina taka keke har suka zauna. Da na kira Goggo na ce ta je ta juya ganyen nata, na ji takunta a waya, sannan ta ce, "Kai! 'Yar nan, shekara nawa ina tare da abin nan ban taɓa leƙa bayansa ba!" Muka yi ta dariya kamar yara.

Labari ya kai zumuntar mata a cocinmu. Wata Alhamis bayan taro suka biyo ni gida da ankonsu, suka cika baranda, tabarau yana yawo daga hannu zuwa hannu. Wata ta ce a ba ta ta kai kicin, wata ta tambaya ko tana cin kuɗin cizo, shugabarmu kuma ta ce lallai ayyukan Ubangiji ba su da iyaka, ta soma waƙa, sauran suka amsa. Mama tana leƙe ta kan katanga. Da suka watse ta zagayo, ta tsaya tana gyara ɗaurin zane.

"Madam, ƙudajen nan sun dame ni a kan abarba. Masu saye suna gani suna wucewa."

Na ce, "Mama, ai ba ta da baki."

Ta ce, "Ki ba ni dai. Na yi addu'a a kai."

Na ba ta biyu, da jarkar ruwan sama, da dogon gargaɗi. Ta ajiye su a inuwar rumfarta a Sabon Tasha. Ban ce sun gama mata da ƙudaje ba, don ƙudan kasuwa ya fi ƙarfin ganye biyu, amma ta ce mutane suna tsayawa kallo, in sun tsaya kuma sai sun sayi lemo.

Akwai lokacin da iri biyun suka yi fure tare. Dattijon Meziko ya ce in ina da ƙarfin hali in haɗa su aure. Ya kwatanta mini: a zura tsinke a cikin maƙogwaron fure, a ɗago shi ta ƙarƙashin wani ɗan murfi da ke ciki, za a ga garin fure ya biyo, sai a kai shi a shafa a kan murfin ɗaya furen. Na gwada da tsinken sakace. Na farko na yaga furen. Na biyu ban ga komai a kan tsinken ba. A na uku sai ga ɗan gari mai launin rawaya a bakinsa, kaɗan ƙwarai. Na taka a hankali daga wannan kasko zuwa wancan, ina kare tsinken da tafin hannu kada iska ta ɗauke, na shafa. Na ɗaura jan zare a karan don kada in manta wanne ne.

Furen ya bushe ya faɗi, gindinsa ya kumbura ya zama ɗan ƙulli kamar ƙwayar barkono. Da ya fara tsagewa na tara farin faranti na girgiza. Irin ya zubo kamar garin shayi, in ka yi atishawa ka rasa shi. Na barbaɗa a kan jiƙaƙƙen yashi a cikin robar da aka sayo mana kek da ita, mai murfi garai-garai, na ajiye inda haske yake ba rana.

Makonni suka wuce ba komai sai gumi a jikin murfi. Har na fara cewa ƙila auren bai ɗauru ba. Wata Asabar da safe ina cikin ɗaki ina yanka yadi, na ji muryar maigida daga baranda.

"Maman yara! Maman yara, zo da tabaranki!"

Na fito da almakashi a hannu. Yana durƙushe a gaban robar, ya cire murfin, buroshin haƙora a ɗaya hannun, kumfa a gefen baki. Fuskar yashin ta yi kore-kore kamar an yayyafa mata tafasa. Na durƙusa kusa da shi na sa tabarau. Ƙananan tsirrai ne birjik, kowane da ganye biyu, har wasu sun fara ƙyallin raɓa.

Ya ce, "To su waɗannan mene ne sunansu? Na uwar ko na uban?"

Na ce, "Ba wanda ya sani sai sun yi fure. Kowace da irin fuskar da za ta fito da ita."

"Yaushe ke nan?"

"Baɗi, in Allah ya kai mu. Ko baɗin baɗaɗa."

Ya daɗe yana kallonsu. Sannan ya miƙe, ya kurkure baki, ya tsaya yana auna bangon baranda da hannu. Ya ce wurin ya yi kaɗan, akwai ragowar ƙarafa a shago, ranar Litinin zai sa a haɗa mini kanta mai hawa-hawa, amma da sharaɗin hawa na sama nasa ne.